Danshin Kurmi Da Kayan Faiba: Yumɓu Magani Ne, Amma Sai Da Awo

Duk ɗan Arewan da ya yi damina ko da ɗaya ce a Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ya san cewa bayan ɓarawo da gobara babu abin da ke cin dukiyarsa a Kurmi kamar danshi. Kwanon rufin da zai tsufa tare da mai gida a Sakkwato, a bakin teku ba ya jimawa tsatsa take huda shi. Teburin katako ya kumbura, silin na kwali ya yi ciki ya faɗo, buhun masara ya yi funfuna tun ba a kwance bakinsa ba. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne. Ruwan saman da Sakkwato ke samu a shekara bai cika kai milimita 800 ba, alhali Ikko tana samun fiye da 1,500, Fatakwal kuwa fiye da 2,000. Har ila yau laimar da ke cikin iskar Ikko takan kai kashi 80 cikin 100 a yawancin watanni, a Kano kuwa da hunturu takan sauka ƙasa da kashi 20.

Saboda haka ne jama'a suka karɓi kayan nan da ake kira faiba hannu bibbiyu. Ga kwanon rufi mai shigar da haske da ake sa wa rumfunan kasuwa, ga manyan tankunan ruwa na falle-falle da ake ɗaurewa da kusoshi, ga ƙofofin banɗaki, ga akwatunan bayan babur na masu kai saƙo, sa'an nan ga jiragen ruwan da ke jigilar ma'aikata tsakanin Ikorodu da tsibirin Ikko. In Alhaji ya tsaya ciniki, abu biyu mai kaya yakan faɗa masa, watau faiba ba ta tsatsa, kuma ba ta shan ruwa. Maganar farko gaskiya ce. Ta biyun kuwa rabin gaskiya ce, kuma a cikin rabin da aka ɓoye ne kuɗin mutane ke salwanta, wani lokaci ma har da rayuka.

Gaskiyar magana ita ce faiba tana shan ruwa, ko da yake a hankali take sha. Masana sun gano cewa ɗan yumɓu kaɗan, in an gyara shi an zuba shi da awo, yana rage wannan sha yana kuma ƙara wa kayan ƙwari. In kuwa an zuba shi ɗanye, ko an wuce awo, to ya zama guba. Ya wajaba ɗan Arewa mazaunin Kudu ya san wannan ta fuska biyu. Da farko shi mai saye ne, ana iya cutarsa. Na biyu, yumɓun da zaren da ake magana a kansu suna nan jibge a garuruwan da ya baro.

MENE NE FAIBA?

Faiba haɗi ne na abu biyu. Akwai zare, akwai kuma ruwan roba mai kama da ƙaro, wanda ake zuba wa wani sinadari ya daskare ya yi tauri. Zaren shi ke ɗaukar nauyi da ja. Robar ita ke riƙe zarurrukan wuri ɗaya, ta raba musu nauyin, ta kuma tsare su daga ruwa. Kowane ɗaya shi kaɗai ba ya aiki, domin zare sai ya lanƙwashe, roba kuwa sai ta tsage.

Zaren da aka fi amfani da shi na gilashi ne, wanda ake narkarwa a ja shi har ya fi gashin kai siranta. Kamfanin Owens-Corning da aka kafa a Amurka a 1938 shi ya baza shi a kasuwa, kuma a 1953 aka fito da motar Chevrolet Corvette wadda gangar jikinta ta faiba ce. Ana kuma yin irin wannan haɗi da zaren tsirrai. Motar Trabant da Jamus ta Gabas ta fara ƙerawa a 1957, jikinta na ragowar auduga ne da aka matse da roba. A yau masu ƙera motoci a Turai da Japan suna sa zaren rama da danginta a bangon ƙofofin mota ta ciki, saboda rashin nauyi da araha.

Wanda ya tashi a birnin Kano, ko Zariya, ko Katsina, in ya ji wannan bayani zai ce ai laso ake faɗi, kuma bai yi kuskure ba. Maginan Hausa sun daɗe suna haɗa laso da abu uku. Akwai katsi, watau tabon da ke kwantawa a gindin karofi, wanda ake kwashewa a shanya a ƙone a daka. Akwai gashin jima da ake samowa daga majema. Akwai kuma dafara, wadda ake jiƙa saiwarta ta ba da ruwa mai yauƙi. Gashi shi ne zare, dafara ita ce mai riƙewa, katsi kuwa shi ne garin da ke cike ƙofofi. Da wannan ake shafe rufin soro da cikin ramin rini, ruwa ya kwana a kai bai ratsa ba. Haka kuma magini yana zuba ciyawa cikin ƙasar gini don kada ta tsage, ya yi yaɓe da makuba daga kwasfar ɗorawa don ruwa ya zame. Duk wani magini na ƙwarai ya san cewa sirrin laso yana wurin awo da kwaɓi. In katsi ya yi yawa sai ya farfashe, in kwaɓi bai yi ba sai ya ɓanɓare tun a damina ta farko. Wannan doka ita ce dai take aiki a kan faiba har yau.

TA INA RUWA KE SHIGA?

Hanya uku ruwa yake bi. Ta farko, yana ratsa jikin robar kanta. Ido yana ganinta kamar gilashi, amma akwai 'yan sarari tsakanin ƙwayoyinta waɗanda tururin ruwa ke kutsawa ciki sannu a hankali, wata da watanni. Ta biyu, yana bin gefen zare, inda zare da roba suka haɗu, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Ta uku, yana taruwa a kumfar iska da ƙananan tsagu da mai aiki ya bari saboda gaggawa.

In ruwa ya zauna a ciki, robar takan yi laushi ta ɗan kumbura, riƙon da ta yi wa zare ya saki. Da zarar riƙon ya saki, nauyi ba ya isa ga zaren, kayan kuwa sai su rasa ƙarfinsu alhali a ido suna nan lafiya lau. A jikin jiragen ruwa har ƙuraje kan fito a ƙasan fenti, in an fasa su a tarar da ruwa mai tsami. Zafi kuwa yana ƙara wa wannan ɓarna sauri, shi ya sa kayan da suka yi ƙarko a ƙasashen sanyi ba lalle ne su yi irin wannan ƙarko a Warri ko Kalaba ba.

Zaren gilashi shi kansa ba ya shan ruwa, wurin haɗinsa da roba ne ruwa ke lalatawa. Zaren tsirrai kuwa, irin su rama, da jut, da ɓawon kwakwa, mashayin ruwa ne tun asali. Busasshiyar rama da ke rataye a ɗaki tana riƙe da laimar da ta kai kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinta. In ta sha ruwa a cikin roba sai ta kumbura ta tsaga robar, in ta bushe ta tsuke ta bar rami, damina mai zuwa ruwa ya sami ɗaki. Saboda haka ne masu aikin ƙwarai suke wanke zaren da ruwan soda irin ta masu sabulu, wajen kashi 5 cikin 100, su ɗauraye su busar sarai kafin su haɗa. Wannan dabara ta samo asali daga wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, wanda ya gwada ta a kan auduga a 1844.

AIKIN YUMƁU

Labarin yumɓu a cikin roba ya yi ƙarfi ne daga Japan. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike na kamfanin Toyota suka gauraya wani irin yumɓu da robar nailan. Yumɓun bai kai kashi 5 cikin 100 na nauyin haɗin ba, amma sakamakon da suka bayyana ya girgiza masana. Ƙarfin jure ja ya ƙaru da kusan rabi. Taurin robar ya kusa ninkawa. Zafin da take jurewa kafin ta lanƙwashe ya tashi daga digiri 65 zuwa sama da 140. Saurin shan ruwanta kuma ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A farkon shekarun 1990 suka fara yin murfin bel ɗin inji da wannan haɗi a cikin motocinsu. Tun daga nan jami'o'in duniya suka duƙufa gwada yumɓu a cikin robar da ake haɗawa da zaren gilashi da na tsirrai.

Yumɓun da suka yi aiki da shi ana kiransa da sunan garin Montmorillon na ƙasar Faransa, kuma shi ne mafi yawa a cikin ƙasar da ake kira bentonait, wadda masu haƙar man fetur ke kwaɓawa su zuba a rijiya. Ƙwayarsa falle-falle ce kamar takardun littafi. Kaurin falle ɗaya, in an raba milimita gida miliyan, kashi ɗaya ne kacal, watau gashin kan mutum ya fi shi kauri sau 50,000 ko fiye, amma faɗinsa ya ninka kaurinsa sau ɗari ko ɗaruruwa. Ruwa ba ya iya huda fallen. In an ware fallayen nan an baza su ko'ina cikin roba, ruwan da ke son shiga dole ya yi ta kewaye. Misalinsa kamar baƙon da ya shiga lungunan cikin birnin Kano ne. Tafiyar da zai yi cikin minti biyar a miƙaƙƙen titi, sai ta ci masa sa'a guda. Bugu da ƙari fallayen suna tokare robar ta ƙara tauri, in tsaga ta taso kuma su tare ta su karkatar da ita.

A lura dai, baƙon nan in ya daure zai fita daga lungu a ƙarshe. Yumɓu yana jinkirta ruwa ne, ba ya hana shi har abada. Duk mai cewa kayansa ba sa shan ruwa ko ɗigo domin ya sa musu yumɓu, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuwa ya san mai sayen bai sani ba.

INDA GIZO KE SAƘA

Sharaɗi na farko shi ne gyara. Bentonait ɗanye masoyin ruwa ne, in an jiƙa shi yakan kumbura ya ninka girmansa sau da yawa, kuma ba ya jituwa da roba, kamar dai mai da ruwa. Kafin ya yi amfani sai an wanke shi an fitar da yashi, an tace, an busar, sa'an nan a canza masa hali da wasu sinadarai dangin amoniya, waɗanda ke buɗa tsakanin fallayen su sa roba ta iya shiga. Wanda ya ɗebo yumɓu daga fadama ya daka ya zuba a ruwan roba, soso ya sa a cikin kayansa.

Sharaɗi na biyu shi ne awo. Gwaje-gwaje masu yawa sun nuna cewa amfanin yana tsakanin kashi 1 zuwa kashi 5 cikin 100. In an haura nan sai yumɓun ya dunƙule ya yi gudaji, kamar kokon da aka dama da gaggawa. Robar ta yi kauri ta kasa jiƙa zare, kumfar iska ta maƙale a ciki. Kowane gudaji da kowace kumfa wurin fara tsagewa ne, kuma masaukin ruwa ne. A nan ƙarfin da ake nema sai ya koma baya, har ya kasa na robar da ba a sa wa kome ba.

Sharaɗi na uku shi ne kwaɓi. Raba fallayen nan yana bukatar injin gauraya mai ƙarfi da lokaci, bayan haka a zuƙe iskar da ta shiga. Sanda da bokiti ba sa wannan aiki.

Akwai kuma farar ƙasa, wadda Turawa ke kira kawolin. Ita ba ta kumbura a ruwa, fallayenta sun fi kauri, saboda haka amfaninta wajen tare ruwa bai kai na bentonait gyararre ba, amma tana da araha, tana gyara fuskar kaya, kuma masana'antun roba da fenti da takarda sun daɗe suna aiki da ita. Sai kuma garin alli. Shi ma yana da halastaccen wuri a wasu kayan da ake matsewa da inji. Amma a hannun mai son riba ta dare ɗaya, alli hanya ce ta rage ruwan roba mai tsada. Sai ya cika shi fal, ya rage zare, kayan su yi nauyi a hannu, mai saye ya ɗaga ya ce lalle wannan mai ƙwari ne. Alhali kuwa a sha'anin faiba nauyi ba shaidar ƙarfi ba ne. Sau da yawa ma shaidar algus ne.

ABIN DA KE CIKIN HAƊARI

In kwanon rumfa ya tsage, asarar buhunan shinkafa ce. In tanki ya fashe a saman bene, asarar ta fi haka. In kuwa jirgin ruwa ne, magana ta koma ta rai. Ba a manta da jirgin da ya nutse a kogin Kwara kusa da Wara ta Jihar Kebbi a watan Mayu na 2021 ba, ko wanda ya kife da 'yan biki a yankin Patigi ta Jihar Kwara a watan Yuni na 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Waɗannan jiragen katako ne, kuma lodi fiye da ƙima da rashin rigar ruwa suna cikin manyan dalilai. Bayan irin waɗannan masifu ne hukumomi suka yi ta kira a bar jiragen katako a koma na faiba da na alminiyam.

Kiran yana da kyau, amma akwai abin tsoro a cikinsa. Jirgin katako in ya fara ruɓewa, matuƙi yana gani, yana sa wuƙa ya ji laushi, kafinta a bakin kogi ya canza masa katakon. Jirgin faiba da aka yi da algus kuwa yana nan yana sheƙi har ranar da zai buɗe. In gwamnatoci suka ba da kwangilar ɗaruruwan jirage ba tare da gwajin shan ruwa da na ƙarfi ba, to an gudu ne ba a tsira ba.

Akwai masu cewa tun da haka ne, gara a tsaya ga katako da kwanon da aka sani. Suna da hujja ta wani gefe. Faiba in ta mutu ba ta ruɓewa, ba ta kuma narkuwa a sake ƙera ta cikin sauƙi. Warin ruwan robar yana cutar da mai aiki in babu iska a wurin, ƙurar zaren gilashi tana sa ƙaiƙayi tana kuma shiga ƙirji. Amma katakon kirki yana ƙara wuya da tsada domin dazuzzuka suna ƙarewa, kwano kuwa ba shi da dabara a gaban iskar gishiri. Faiba ta riga ta shigo kasuwa, ba kuwa za ta fita ba. Abin da ya rage shi ne a tilasta a yi ta da kyau.

ABIN DA MAI SAYE ZAI YI

Ba sai mutum ya je jami'a ba kafin ya kare kansa. Ya ɗaga fallen ya duba shi a hasken rana. In ya ga fararen tabo inda zare ya bushe bai sha roba ba, ko kumfa birjik, ya ajiye. Ya ƙwanƙwasa da kwabo ko kan mabuɗi wuri-wuri. Inda haɗi ya kama, ƙara takan fito tsaf, inda ya saki kuwa sai a ji ta dusashe kamar an bugi fasasshiyar ƙwarya. Ya karce bakin da aka yanka. In farin gari ya yi ta zuba kuma zare kaɗan ne, alli ya yi yawa. Bayan saye, duk inda aka yanka ko aka huda don ƙusa a shafe shi da ruwan roba ko fenti mai kyau, domin ta nan ne ruwa ke samun bakin zare.

Mai sayen kaya da yawa kuwa ya nemi a yanko masa ɗan guntu. Ya busar, ya auna a ma'aunin maƙeran zinariya, ya jiƙa a ruwa kwana ɗaya, ya goge ya sake aunawa, sa'an nan ya mayar ya bar shi mako biyu ya kuma aunawa. In ya gwada guntaye daga masu kaya uku, ma'auni zai faɗa masa wanda ya fi shan ruwa. Wannan shi ne ainihin gwajin da ƙa'idar duniya mai lamba ISO 62 ta tsara, inda ake jiƙa guntu sa'a 24 a ruwa mai zafin digiri 23, sai dai su kayan awonsu sun fi daidaito. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Mile 12, da Agege, da Sabo ta Badun, da Shagamu, suna da shugabanni da asusu. In za su gina rumfuna ɗari, kuɗin kai guntu ɗakin gwaji bai kai na rumfa ɗaya ba. Sarakunan Hausawa na waɗannan wurare suna iya sa baki a mai da wannan al'ada.

Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1971, ita ke da babban nauyi. Ya kamata duk tanki, da kwanon rufi, da jirgin faiba da za a sayar a ƙasar nan ya zo da rubutu a jikinsa mai nuna irin zaren, da yawansa, da irin garin da aka zuba da awonsa, da sakamakon gwajin shan ruwa. Gwajin kuma a yi shi da ruwan ɗumi da ruwan gishiri na tsawon makonni, domin a Kurmi kayan za su zauna. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa da takwararta ta Jihar Ikko kada su yi wa jirgi rajista sai sun ga wannan shaida.

ARZIKIN DA AKA BARO A GIDA

Sauran magana ta masu hannu da shuni ce. Akwai farar ƙasa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, da Alkaleri ta Jihar Bauchi, da wurare da dama a Filato. Akwai bentonait a Borno da Yobe. Yawancin na ƙasar nan ba ya kumbura kamar na Amurka sai an gyara shi da sinadarin soda, shi ya sa kamfanonin mai suka daɗe suna shigo da na waje. Rama kuwa babu ƙauyen da bai san ta ba, ana kwaɗon ganyenta, ana tufka igiya da ɓawonta. A shekarun 1960 har masana'antun buhu aka kafa a Jos da Badagry da niyyar su dogara da zarenta, daga baya suka durƙushe.

Ilmin ma ba a nesa yake ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona da Horarwa da ke Badun tana aiki a kan irin rama. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai a Basawa, duk a Zariya. Akwai Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya a Oshodi tun 1956, da Majalisar Binciken Albarkatun Masana'antu da aka kafa a 1987. Ɗaliban injiniya a jami'o'in Arewa da na Kudu sun rubuta kundaye masu yawa a kan haɗa zaren gida da yumɓun gida, mafi yawansu suna kan kanta suna shan ƙura. Ita ma robar, masana'antar Eleme kusa da Fatakwal tana yin wasu ire-irenta, matatar Ɗangote da ke Lekki kuma ta fara fitar da nata a 2025.

Watau yumɓu da zare suna Arewa, roba da masana'antu da babbar kasuwa suna Kudu. Wa ya fi cancanta ya haɗa su in ba mutumin da ya san hanyar nan tun zamanin fataucin goro ba, wanda motocinsa ke sauke shanu da tumatir da albasa a Ikko kowace safiya? Abin da ake gudu shi ne a maimaita labarin kirgi, inda aka yi shekaru ana sayar da fata da araha ana sayo takalmi da tsada. Tifar ɗanyen yumɓu kuɗinta kaɗan ne. Ribar tana wurin wankewa, da tacewa, da niƙawa, da gyarawa, da zubawa a buhu mai ɗauke da shaidar gwaji, yadda mai masana'anta a Ikeja ko Ota zai saya ya san abin da ya saya, ya kuma dawo gobe ya sami irinsa. Haka ma rama, ribarta tana wurin jiƙa ta daidai, da wanke ta, da busar da ita, da rarraba ta daraja-daraja.

Wannan aiki ba ya bukatar jarin da ya fi ƙarfin attajirai biyar ko goma in sun haɗa kai, amma yana bukatar su ɗauki yaran da suka karanta kimiyya su ba su albashi, su kuma saurare su in sun ce awo bai yi ba. Gwamnatocin jihohin da ke da yumɓun su ma su taimaka da hanya, da wuta, da sauƙin samun izinin haƙa, su kuma tsare lafiyar masu haƙar, domin ramukan farar ƙasa suna ruftawa da mutane.

Magabata da suka shafe soraye da laso ba su da injin gwaji, amma suna da amana, kuma akwai Sarkin Magina da ke tsawatar wa wanda ya yi ha'inci. Yanzu ga injin, ga masana, ga kasuwa. Abin da ya rage shi ne mai saye ya daina karɓar magana ba shaida, hukuma ta tsaya kan aikinta, mai kuɗi kuma ya waiwayi yumɓun garinsu. Allah Ya sa masu abin su ji, Ya kuma tsare jama'a da dukiyarsu a tudu da ruwa, amin.